Tauraro a Gidansa, Tauraro a Baƙunta: Me Ake Nufi da "Faɗuwar Zuhal" da "Ɗaukakar Mushtari"?

Me ake nufi idan aka ce tauraro ya faɗi, ko kuwa ya ɗaukaka? Tambayar ta yi ƙarfi tun daga watan Mayun 2025, lokacin da masu duban taurari na Turai da Amurka suka shiga shelar cewa tauraron Zuhal (Saturn) ya shiga burujin Hamal, ɗaya daga yankuna 12 na hanyar taurari a sama, gurbin faɗuwarsa, sannan a watan Yuni suka ce Mushtari (Jupiter) ya shiga burujin Saraɗan, gurbin ɗaukakarsa. Maganar ta biyo TikTok da Facebook ta iso wayoyin matasanmu. Ga manhajoji kuma na kyauta, ka zuba ranar haihuwarka su zana maka taswirar sama, su ce maka Zuhurarka "ta faɗi" ko Mirrihunka "yana cikin wabali". Mai karatu ya ga kalmar faɗuwa, gabansa ya faɗi, ya ɗauka an yanke masa hukuncin rashin aure ko karayar arziki.

Ni ban yarda taurari na juya rayuwar kowa ba, kuma zan kawo dalilaina. Amma abin da mutum bai san kansa ba shi ya fi ba shi tsoro, kuma da shi aka fi cin kuɗinsa. Waɗannan kalmomi suna da ma'ana ƙayyadajjiya a tsohon ilimin hukuncin taurari, wanda ya taso daga Babila, ya ratsa Iskandariyya da Bagadaza, kafin ya isa Turai. Ma'anar kuwa ta yi nisa da abin da ake yaɗawa.

Wa ya mallaki wane yanki na sama

Mutanen da sun san taurari bakwai masu tafiya: Rana, Wata, Uɗaridu (Mercury), Zuhura (Venus), Mirrihu (Mars), Mushtari da Zuhal. Hanyar da suke bi a sama an kasa ta buruji 12, kowanne digiri 30: Hamal, Saur, Jauza'u, Saraɗan, Asad, Sumbula, Mizan, Aƙrab, Ƙausu, Jadyu, Dalwu da Hutu. Abin da ake kira martabar tauraro, wadda Larabawa ke ce wa hazzu, ba komai ba ne illa amsar tambaya guda: a wannan wurin da tauraron yake tsaye, yana da wani haƙƙi ko iko, ko kuwa a ƙasar wani yake?

Mafi girman haƙƙi shi ne gida. Rana ta mallaki Asad, Wata ya mallaki Saraɗan. Sauran biyar kowanne an ba shi gida biyu, ɗaya ta ɓangaren Rana, ɗaya ta ɓangaren Wata, bisa jerin nisansu. Uɗaridu, da yake ba ya yin nisa da Rana, ya sami maƙwabta, wato Jauza'u da Sumbula. Zuhura ta sami Saur da Mizan, Mirrihu ya sami Hamal da Aƙrab, Mushtari ya sami Hutu da Ƙausu. Zuhal, mafi nisa kuma mafi nawa, aka tura shi can ƙarshe, Jadyu da Dalwu, daidai kishiyar gidajen Rana da Wata.

Baɗlamusa, masanin Iskandariyya na ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana dalilin wannan rabo da yanayin shekara. A cewarsa Saraɗan da Asad su ne lokacin da rana ta fi kusantar tsakar ka, zafi ya fi tsanani, don haka su suka dace da masu haske biyu. Zuhal mai sanyi kuma sai ya karɓi watannin tsananin ɗari. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa zai ga inda bayanin ya yi tuntuɓe. Rana na cikin Asad daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, mu kuwa a lokacin marka ce, gari ya yi luf, hadari ya rufe sama. Zafinmu na gaske yana bazara, a Maris da Afrilu da Mayu. Ɓangaren Zuhal dai ya yi daidai da hunturunmu, wannan kam gaskiya ne. A Afirka ta Kudu ko Ajantina kuwa lissafin ya kife gaba ɗaya, don Disamba ce bazararsu. Tun daga nan mutum zai gane cewa an ɗinka rigar ce da awon mutanen gaɓar Bahar Rum.

Haƙƙi na biyu shi ne sharafi, wato ɗaukaka. Kowane tauraro na da buruji guda da ake girmama shi a ciki ko da ba gidansa ba ne, har da digirin da girman ya kai ƙololuwa. Rana a digiri na 19 na Hamal, Wata a na 3 na Saur, Uɗaridu a na 15 na Sumbula, Zuhura a na 27 na Hutu, Mirrihu a na 28 na Jadyu, Mushtari a na 15 na Saraɗan, Zuhal a na 21 na Mizan. Masu bincike da yawa na mai da asalin wannan jeri Babila, kuma ya girmi tsarin gidajen. Har yau a Iran da Iraƙi akwai masu jiran ranar da Rana za ta kai digiri na 19 na Hamal, wajen 8 ga Afrilu, su sa a zana musu hatimi a kan dutsen aƙiƙ mai ruwan ɗorawa, su kira shi sharafus shamsi.

Sauran haƙƙoƙi uku ƙanana ne. Akwai musallasa, inda aka kasa buruji 12 gida huɗu, na wuta, na ƙasa, na iska da na ruwa, kowane kashi da shugabansa na rana da na dare. A na wuta, alal misali, Rana ce da rana, Mushtari da dare. Wannan ya zo ne daga Dorotiyus na Saida, marubucin ƙarni na 1, wanda littafinsa ya tsira ta hanyar fassarar Larabci da Umar al-Ɗabari ya yi daga tsohon Farisanci. Akwai haddi, inda aka yanka kowane buruji gida biyar marasa daidaito: a tsarin Misirawa digiri 6 na farkon Hamal na Mushtari ne, 6 na biye na Zuhura, 8 na Uɗaridu, 5 na Mirrihu, 5 na ƙarshe na Zuhal. Sai wajahi, mafi ƙanƙanta, digiri goma-goma, guda 36 a faɗin sama.

Marubutan Larabawa sun kwatanta matakan nan da halin ɗan Adam: tauraro a gidansa kamar mutum ne cikin gidansa da dukiyarsa, a sharafinsa kamar mutum bisa gadon mulki, a musallasarsa kamar mutum tsakiyar mataimakansa, a haddinsa kamar mutum cikin danginsa. Al-Ƙabisi, wanda ya yi zamani a fadar Saifud Daula ta Halab a ƙarni na 10, ya kawo lissafin maki: gida 5, sharafi 4, musallasa 3, haddi 2, wajahi 1. Da wannan lissafi ake tantance tauraron da ya fi kowa iko a kan wani digiri. Wiliyam Lili na Ingila ya sake buga shi a littafinsa na 1647, kuma daga nan ne mafi yawan manhajojin yau suka kwafo.

To mece ce faɗuwa?

Kishiyar gida ita ce wabali, kishiyar sharafi ita ce hubuɗu, wadda aka fassara da faɗuwa. Sharafin Zuhal na Mizan, burujin da ke fuskantar Mizan kuwa Hamal ne, saboda haka Hamal ya zama faɗuwar Zuhal. Iyakar abin ke nan. Babu wani abu da ya sami Zuhal a sararin samaniya a watan Mayun 2025. Bai rage haske ba, bai kauce hanya ba, zobbansa na nan. Ya dai ƙetare wani layi da mutane suka shata a takarda, kamar yadda yake ƙetare shi kusan duk shekara 29 da rabi.

Akwai kuma hali na uku da mutanen zamanin da suka fi tsoro a wasu lokutan, shi ne tauraro ya zama garibi, wato yana wurin da ba shi da ko da wajahi. Lili ya ɗebe masa maki 5, daidai da wabali, faɗuwa kuwa maki 4.

Abin da masu tsorata mutane ba sa faɗa shi ne yawan waɗanda abin ya shafa. Zuhura na cikin wabali a Hamal da Aƙrab, tana faɗuwa a Sumbula, wato buruji 3 cikin 12. Ke nan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya an haife su da "raunanniyar" Zuhura, kuma suna ta aure suna haihuwa. Zuhal ya fi ban mamaki, don yana shafe kusan shekara biyu da rabi a kowane buruji. Ya shiga Saraɗan a tsakiyar 2003, ya shiga Asad a 2005, bai fita ba sai Satumban 2007, dukansu biyun kuwa wabalinsa ne. Duk yaron da aka haifa a doron ƙasa cikin waɗannan shekaru huɗu, ɗan sarki da ɗan talaka, na Kano da na Tokyo, yana ɗauke da wannan alama.

Sannan ko a wurin masu ilimin, martaba ba ta nufin alheri, rashinta kuma ba ya nufin sharri. Abin da take aunawa shi ne wadata da ikon zartarwa. Mirrihu tauraron yaƙi ne ko yana gidansa ko ba ya gidansa. Sun ce idan yana gidansa ya fi kama da soja mai horo, idan yana wabali ya fi kama da ɗan daba. Kuma ba su taɓa yanke hukunci da martaba ita kaɗai ba. Suna duba ko tauraron na tsaye a ɗaya daga turaku huɗu na taswirar, wato gabas, yamma, tsakar sama da ƙarƙashin ƙasa, ko yana komawa da baya, ko ya kusanci Rana har ya ƙone, ko taswirar ta rana ce ko ta dare. Tauraro na iya zama a gidansa da cikakken makinsa amma a ƙone, a ɓoye, ba ya iya tsinana komai.

Misali mafi shahara na aiki da wannan ƙa'ida shi ne kafa Bagadaza. A shekarar 762, wato 145 bayan Hijira, halifa al-Mansur ya sa masana taurarinsa, ciki har da Naubakht da Masha'allah ɗan Asari, su zaɓi lokacin aza harsashin birnin. Al-Biruni ya adana taswirar. A cikinta Mushtari na gidansa Ƙausu, kuma Ƙausu ne ke ɓullowa daga gabas, Rana ita ma tana gidanta Asad. Wato sun nemi lokacin da tauraron mulki da adalci ke da martaba kuma yake tsaye a gaba. Birnin ya bunƙasa, babu shakka. A 1258 kuma Hulagu, jagoran mayaƙan Mongol, ya rusa shi.

Karɓar baƙo: inda tsarin ya fi daɗin nazari

Idan taurari bakwai na yawo cikin buruji 12, mafi yawan lokaci kowannensu a gidan wani yake. Daga nan ne batun ƙabul ya taso, wato karɓa, kuma a ganina nan ne hikimar masu tsarin ta fi fitowa.

Duk wanda ya san yadda fatake ke sauka a zango ya riga ya san rabin bayanin. Falke ya iso garin da ba nasa ba, da kayansa amma ba shi da kowa. Idan ya sami maigida da ya sauke shi, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa wajen ciniki da bashi, to ya zama mutum a garin. Ba ƙarfinsa ne ya ƙaru ba, ya dai sami wanda zai tsaya masa. Haka ma'anar take: mai buruji shi ne maigida, tauraron da ke cikin burujin shi ne baƙo. Wata na cikin Ƙausu, ya doshi Mushtari, sai a ce Mushtari ya karɓi Wata, don Ƙausu gidansa ne. Mutane da yawa na juya maganar, su ce baƙon ne ya karɓi maigidan. A tsoffin littattafai mai wuri ne ke karɓa.

Masha'allah, wannan dai na Bagadaza, Bayahude ne mutumin Basra, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan batu, aka fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12. A wurinsa da wurin Sahal ɗan Bishir, wanda ya biyo bayansa a ƙarni na 9, karɓa na da sharaɗi: dole taurarin biyu su kasance suna ganin juna, kuma mai saurin yana dosar mai nawan. Gani a nan na nufin tazara ta musamman, ko suna wuri guda, ko tsakaninsu digiri 60, 90, 120 ko 180. Idan babu gani babu karɓa, don maigidan da bai san ka sauka ba ba zai tsaya maka ba. Cikakkiyar karɓa ta gida ce ko ta sharafi. Ta ƙananan haƙƙoƙi kuwa, marubuta irin su Gido Bonati na Italiya a ƙarni na 13 sun ce sai an haɗa biyu kafin ta yi nauyi.

Akwai kuma ƙin karɓa. Idan tauraro ya doshi wani daga burujin da wancan ke faɗuwa, kamar Wata a Hamal ya doshi Zuhal, ko daga Saraɗan ya doshi Mirrihu, Sahal ya ce tamkar wanda ya zo maka daga gidan maƙiyinka ne. Ba za a saurare shi ba.

Sai karɓar juna, inda kowanne ke zaune a wurin ɗan'uwansa. Bari mu bi misali guda daki-daki, irin tambayoyin da ake kai wa masu duba a Bagadaza ko Landan. Wani ya zo yana tambaya ko wanda yake bi bashi zai biya. Mai duba ya zana sama ta wannan lokacin, ya tarar Saur ke ɓullowa daga gabas. Mai Saur Zuhura ce, saboda haka ita ce wakiliyar mai tambaya. Burujin da ke fuskantar Saur shi ne Aƙrab, mai shi Mirrihu, shi ne wakilin wanda ake bi. A ce Zuhura na digiri na 10 na Jadyu, Mirrihu na digiri na 14 na Mizan. Tsakaninsu kusan digiri 90 ne, wanda ake ɗauka kallon faɗa, kuma Zuhura mai sauri tana dosarsa. Da iyakar abin ke nan, da sai a ce rigima za a yi. Amma Jadyu sharafin Mirrihu ne, ke nan ya karɓi Zuhura. Mizan kuma gidan Zuhura ne, ke nan ita ma ta karɓe shi. Hukuncin sai ya zama: za a kai ruwa rana amma za a daidaita, don kowanne na da mutuncin ɗan'uwansa a ido. Sai dai mai duba mai hankali zai ƙara cewa Mirrihu a Mizan yana wabali, wato wanda ake bi yana da niyya amma hannunsa babu, ƙila a biya kaɗan-kaɗan.

Misalin ya nuna bambancin da ake yawan cakuɗawa. Martaba na magana ne a kan iyawa, karɓa kuma a kan yarda. Ana iya samun mai hali marar niyya, ana iya samun mai niyya marar hali. Karɓa ba ta warkar da raunin tauraro, tana dai rage cutarwarsa ga wanda ya karɓa. Shi ya sa suka ce ko Zuhal da Mirrihu, taurarin nahisa biyu, ba sa cutar da baƙonsu.

Daga baya ne aka sassauta sharuɗɗan. Lili ya ba karɓar juna ta gida maki 5 kamar tauraron na gidansa, wasu na zamani kuma har cewa suke yi taurarin "sun yi musayar wuri", a ɗauko kowanne a mai da shi gidansa a takarda. Wannan ba ya cikin koyarwar Masha'allah. Akwai kuma masu karanta karɓa a matsayin so da ƙi, su ce wanda ke gidan wani yana ƙaunarsa, wanda ke sharafinsa ya haukace a kansa. A kan wannan ma masu duban taurari na gargajiya ba su daina jayayya da juna ba har yau.

Inda bakinsu bai zo ɗaya ba

Saɓanin ya wuce nan. Tun zamanin Baɗlamusa akwai jadawalin haddi fiye da ɗaya, na Misirawa daban, wanda shi ya kawo daban. Dorotiyus ya ba Zuhura shugabancin burujin ruwa da rana, jadawalin Lili kuwa ya ba Mirrihu dare da rana. Indiyawa sun sa sharafin Rana a digiri na 10 na Hamal maimakon na 19, na Mushtari a na 5 na Saraɗan maimakon na 15.

Gano sababbin taurari ya ƙara dagula lissafin. Wiliyam Hashel ya gano Yuranus a 1781, aka gano Naftun a 1846, Fuluto a 1930. Masu duba na zamani suka ƙwace Dalwu daga Zuhal suka ba Yuranus, Hutu daga Mushtari suka ba Naftun, Aƙrab daga Mirrihu suka ba Fuluto. Tsarin gida biyu-biyu ya rushe ke nan, kuma 'yan gargajiya ba su amince ba. A 1930 ɗin nan ne kuma wata jaridar Ingila ta buga duban R. H. Naylor kan haihuwar Gimbiya Margaret, abin da ya buɗe ƙofar shafukan "burujinka na yau", waɗanda suka watsar da taurari shida suka riƙe Rana kaɗai.

Mafi girman matsala ita ce inda Hamal ya fara. Turawa na farawa daga wurin da Rana take ranar da dare da yini suka daidaita a watan Maris. Indiyawa na bin taurarin da ke kafe a sama. Saboda wani jujjuyawar gindin duniya da Hiparkus, masanin taurari na Girka, ya gano tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ma'aunan biyu na rabuwa da kusan digiri ɗaya duk shekara 72, yanzu tazarar ta kai wajen digiri 24. Sakamakon haka, a ranar da mai duba na Landan ke cewa Zuhal ya faɗi a Hamal, takwaransa na Delhi na cewa Zuhal na cikin Hutu, gidan Mushtari, bai ko kusanci faɗuwa ba. Tauraro ɗaya, dare ɗaya, hukunci biyu.

Abin da addini da kimiyya suka ce

Kasancewar sunayen Larabci sun cika wannan fanni na sa wasu su zaci ilimin Musulunci ne. Ya bunƙasa a ƙasashen Musulmi, gaskiya ne. Abu Ma'ashar al-Balkhi, wanda ya rasu a 886, shi ne babban malaminsa har a Turai. Ya iso ƙasarmu ma: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya yi rubutu a kan taurari da hatimai. Amma malaman shari'a sun raba abu biyu tun da wuri. Akwai ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da shigowar damina da shi, irin lissafin manzilolin nan 28 da malamai da manoman ƙasar Hausa ke bi. Wannan halal ne, abin yabo ma. Akwai kuma ilimin tasirinsu, wato cewa suna ƙaddara abin da zai sami mutum, kuma martaba da karɓa duk a nan suke.

A kan na biyun hadisai sun yi tsauri. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya ɗebi wani yanki na ilimin taurari ya ɗebi yanki na sihiri. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin Zaidu ɗan Khalid na Hudaibiyya, inda aka bambanta wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da wanda ya ce tauraro kaza ne ya kawo shi. Ba malaman hadisi kaɗai ba, Ibn Sina ya rubuta raddi a kan hukuncin taurari, Ibn Ƙayyim ya yi dogon suka, Ibn Khaldun ya keɓe masa babi a Muƙaddima yana nuna rauninsa. Tarihi ya riƙe labarin yaƙin Ammuriyya na 838, lokacin da masu duba suka gargaɗi halifa al-Mu'utasim kada ya fita, ya fita ya ci birnin.

Kimiyyar zamani ta gwada abin ta hanyarta. A 1985 mujallar Nature ta buga gwajin Shawn Carlson, inda aka ba ƙwararrun masu duba taswirar haihuwar mutane aka ce su haɗa kowacce da bayanin halin mai ita. Ba su fi mai canki-canki ba.

Duk da haka ba na ganin karanta tarihin wannan fanni ɓata lokaci ne. Buƙatar sanin matsayin tauraro zuwa digiri ɗaya ta taimaka wajen tura mutane gina wuraren hangen sama da gyara jadawalan lissafi. Kuma tsarin kansa madubi ne na al'ummar da ta ƙirƙiro shi, al'ummar da ta san darajar gida da dangi da uban gida, ta san wulaƙancin wanda ba shi da kowa a garin wani, sai ta ɗora wannan duka a kan sama.

Yadda abin ke taɓa talaka

Illar ba a littafi take ba. Tana wurin yarinyar da manhaja ta gaya wa Zuhurarta ta faɗi, ta shiga zargin kanta duk lokacin da mai neman aurenta ya janye. Tana wurin ɗan kasuwar da ya fasa tafiya mai amfani don an ce Uɗaridu na komawa baya, da iyayen da suka hana aure don wani mai duba ya ce taurarin yaran "ba su karɓi juna ba". Kalmomi irin su wabali da hubuɗu da nahisa suna da kwarjini a kunnen wanda ke girmama Larabci, kuma wanda ya furta su yakan biyo da maganin da za a saya: turare, hatimi, zobe, ragon sadaka. Na ƙasashen waje kuma dala suke karɓa ta intanet.

Mafi yawan masu wannan ciniki ba su cika ko sharuɗɗan fannin da suke jingina da shi ba. Tsoffin malamansa ba sa yanke hukunci sai sun san burujin da ke ɓullowa daga gabas a lokacin haihuwa, don daga shi ake gane wane tauraro ke wakiltar aure, wane ke wakiltar dukiya. Wannan wuri kuwa yana gusawa da kusan digiri ɗaya duk minti huɗu, buruji guda na wucewa cikin kimanin awa biyu. Kuskuren rabin awa ya isa ya canza haddi, wani lokaci ya canza burujin dungurungum, wakilin auren ya tashi daga Zuhura ya koma Mirrihu. A ƙasar da ɗimbin mutane aka haife su a gida, abin da uwa ke iya tunawa shi ne "bayan la'asar" ko "da asuba, shekarar da aka yi fari", taswirar da manhaja za ta zana wa mutum ta wani ce daban.